Yadda za ka fitar da ƙaramar mujallar wasan tatsuniya a Kano

Wasan da ake magana a kai ba ya buƙatar waya ko kwamfuta. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna a kan tebur ko tabarma, ɗaya ya zama mai jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda: wannan maharbi, wancan bafatake, waccan 'yar sarki da ta gudo daga gida. Mai jan labari ya faɗi abin da ke gabansu, su kuma su faɗi abin da za su yi, idan abin yana da haɗari sai a jefa dayis ya raba gardama. Wanda ya fi shahara a irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974.

Ba a daɗe ba masu wasan suka fara buga nasu mujallun da kansu. A 1975 wata mata mai suna Lee Gold ta fara Alarums & Excursions a Los Angeles, inda kowane mai rubutu zai aiko da shafukansa, ita kuma ta haɗa su ta rarraba, kuma mujallar ta yi shekara fiye da 40 tana fitowa. A Ingila ma, White Dwarf da ta fito a 1977 ta samo asali ne daga wata 'yar takardar labarai mai suna Owl and Weasel. Daga 2019 kuma kamfanin Kickstarter, shafin intanet da ake tara wa masu ƙirƙira kuɗin aiki, ya fara shirin Zine Quest na masu buga irin waɗannan mujallu, ƙananan mujallun suka sake yawaita.

Mu a Kano wannan sana'a ba baƙuwa ba ce. Tun shekarun 1980 marubutan adabin kasuwar Kano ke rubuta littafi, su biya maɗaba'a daga aljihunsu, su kai wa 'yan kasuwa da kansu. Bambancin kawai shi ne, littafin labari karanta shi ake yi, ita kuwa wannan mujalla aiki ake yi da ita. Ma'aunin da zan riƙe a duk matakan nan ɗaya ne: wanda ya saye ta da la'asar ya iya tara abokansa bayan isha'i su yi wasa da ita, ba tare da ya nemi wani littafi ba.

Mataki na farko: zaɓi ƙa'idar wasan da za ka rubuta wa

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka san wace ƙa'ida mujallar za ta bi, domin a nan ne maganar haƙƙin mallaka take. Kamfanin Wizards of the Coast, mai Dungeons & Dragons a yau, ya saki kundin tushen ƙa'idojin wasan da ake kira SRD 5.1 a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, mai ba kowa izinin amfani da shi, a watan Janairun 2023. Ke nan za ka iya ɗauka daga cikinsa, ka fassara zuwa Hausa, har ka sayar, muddin ka rubuta jawabin nuna asali da lasisin ya tanada. Amma abin da ba ya cikin kundin ba naka ba ne: tambarin wasan, da zane-zanensu, da wasu dodanni irin su Beholder. Akwai kuma ƙananan wasanni masu sauƙin ƙa'ida kamar Cairn na Yochai Gal, wanda lasisinsa ya yarda ka ɗauka ka gyara, da sharaɗin kai ma ka saki naka a kan irin wannan lasisin.

Shawarata ita ce ka ɗauki ƙa'ida mafi sauƙi, ko ka ƙirƙiri taka wadda ba ta wuce shafi biyu ba, ka riƙa buga ta a kowace fitowa. Dalilin yana kasuwa. Manyan wasannin suna amfani da dayis mai fuska 4, 8, 10, 12 da 20, waɗanda sai an yo odarsu. Mai fuska 6 kuwa yana cikin kowane kwalin lido. Ga misalin ƙa'idar da za ta ɗauki wasa gaba ɗaya: jefa dayis biyu ka haɗa, ka ƙara maki ɗaya ko biyu idan abin sana'ar jaruminka ne. Idan jimla ta kai 10, ka yi nasara sumul. Daga 7 zuwa 9, ka samu amma da asara. Shida zuwa ƙasa, abu ya lalace, mai jan labari ya faɗi yadda ya lalace. Wasanni da dama a waje suna tafiya a kan wannan tsari, kuma ɗan aji ɗaya na sakandare zai gane shi cikin minti biyar.

Mataki na biyu: abin da zai shiga ciki

Nan ne aikin yake, nan kuma masu farawa suka fi ɓata takarda. Sha'awar da ke fara zuwa wa mutum ita ce ya rubuta tarihin duniyar da ya ƙirƙira tun daga sarkinta na farko, shafi goma. Babu mai jan labarin da zai karanta wa 'yan wasa shafi goma su zauna suna saurare. Abin da yake buƙata shi ne wuri, da mutanen da ke wurin, da abin da kowannensu yake so, da abin da zai faru idan jarumai suka yi jinkiri.

Fitowa ta farko shafi 24 ta isa. Shafi biyu na ƙa'ida, biyu na yadda ake gina jarumi, takwas zuwa goma na kasada guda cikakkiya, wato labarin da jarumai za su shiga, tare da taswirarta, sauran kuma jadawali, da dodo ɗaya ko biyu, da takardar jarumi a shafin ƙarshe wadda za a yi fotokwafinta.

Kada ka je neman duniya a dajin Turai mai dusar ƙanƙara alhali kana zaune a birnin da aka fara zagaye shi da ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12. A da, ƙofofin birni ana rufe su da dare, kowace da sarkin ƙofarta. Wannan kaɗai kasada ce: jarumai sun iso bayan an rufe ƙofa, wani abu yana biye da su daga daji, sarkin ƙofa kuma yana da dalilinsa na ƙin buɗewa. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, a da ayarin fatake na fita zuwa Gwanja neman goro, gishiri na zuwa daga Bilma a bayan raƙuma, ana ciniki da kuɗin wuri. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya, yana sauka a zango. Idan ka ce jarumai 'yan rakiyar ayari ne, ka samu dalilin da ya haɗa su da dalilin da zai kai su sabon gari a kowace fitowa. Makamai ma ba sai ka aro ba, ga lifidi da sulke da kwalkwali, ga mashi da kwari da baka. Rukunin jarumai kuwa: mafarauci, ɗan tauri, maƙeri, wanzami, maroƙi, ɗan dambe, 'yar koli mai shiga kowane gida ta ji sirrinsa. Tatsuniya ta ba ka Gizo da Ƙoƙi da Dodo, kuma Gizo ya fi daɗi idan ka sa shi ya zama wanda ya ɗauki jarumai aiki, tunda kowane ɗan wasa ya san ba za a biya shi yadda aka yi alkawari ba.

Sai dai ka canza sunaye. Ka gina birni mai kama da tsohuwar Kano, ka ba shi wani suna, ka ba sarkinsa sunan da babu shi a jerin sarakuna. Sarautun nan suna da zuriya a raye, kuma babu wanda zai ji daɗi a mayar da kakansa azzalumin da za a kashe a shafi na 14.

Haka nan akwai abin da ni ba na yarda ya shiga ko kaɗan. Wasannin Turawa cike suke da alloli da limamansu masu roƙon iko daga gare su. Ka cire wannan rukunin gaba ɗaya, mai magani ko wanzami ya riƙe aikin warkarwa. Kada aya ko sunan annabi ko mala'ika su zama kayan wasa. Kuma ka rubuta a shafi na biyu, da manyan baƙaƙe, cewa ba a sa kuɗi a wannan wasa, ba a ci, ba a cinyewa. Mahaifin da ya ga ɗansa da dayis, caca ce za ta fara zuwa masa a rai, wannan layin shi yaron zai nuna masa.

Yanzu jadawali, wanda shi ne abin da mai jan labari zai fi komawa gare shi. Jadawali jerin abubuwa ne masu lamba, a jefa dayis a ga wanda ya fito. Ga misali, "Wa kuka tarar a bakin rijiyar zango?":

1. Makaho mai jan wani makahon, dukansu sun san sunayenku.
2. Bafatake yana sayar da jakinsa da araha ƙwarai, ya ƙi faɗin dalili.
3. Yarinya mai tallan fura, ƙwaryarta ba ta raguwa.
4. Dogarai biyu suna neman wani mai kama da ɗayanku.
5. Tsohuwa tana neman a ɗora mata kaya, kayan suna numfashi.
6. Babu kowa, amma guga yana hawowa da kansa.

Ka lura kowane layi yana tilasta wa 'yan wasa su yi wani abu. Layin da ya ce "wani ɗan kasuwa" kawai, ɓarnar tawada ne. Idan kana son jadawali mai tsawo, yi amfani da dayis biyu masu launi daban, ɗaya ya ba da lambar farko, ɗaya ta biyu, daga 11 zuwa 66, ka samu gurbi 36 masu damar fitowa iri ɗaya. Idan kuma haɗa su za ka yi, ka tuna ba daidai suke fitowa ba: cikin hanyoyi 36, bakwai tana da hanya shida, biyu da goma sha biyu kowace hanya ɗaya tak. Don haka abin yau da kullum ya zauna a 6, 7, 8, Dodo kuma a 2 ko 12.

Wajen bayanin ɗakuna da wurare, jimla uku ta wadatar: abin da ido zai fara gani, abin da ke ɓoye, da abin da zai faru idan an taɓa. Kuma kowace matsala ka bar mata ƙofa fiye da ɗaya. Idan faɗa ne kaɗai hanyar wucewa, maroƙi da 'yar koli za su zauna suna hamma.

Mataki na uku: ba wani ya ja wasan, kai ka yi shiru

Ka buga daftarin a takarda, ka miƙa wa wanda bai taɓa jin labarin daga bakinka ba, ya ja wa mutum uku ko huɗu. Kai ka zauna gefe da biro. Duk inda ya tsaya yana juya shafi yana neman abu, ka sa alama. Duk inda ya ɗago ya ce, "Malam, nan me kake nufi?" kada ka amsa, rubuta tambayar, domin wanda zai saya a Zariya ba zai same ka ya tambaya ba. Ka yi haka da rukuni biyu daban, kuma ka yi ƙoƙari ɗaya ya kasance na mata, ko da ƙannenka ne a tsakar gida, tunda su ne manyan masu karatun littattafan Hausa, kuma abin da zai ja hankalinsu a kasadar ba lallai ya zama wanda ka zata ba.

Mataki na huɗu: zane da taswira

Baƙi da fari, da layi mai kauri. Inuwar fensir da launin toka mutuwa suke yi a injin fotokwafi. Taswira ka zana ta a takarda mai gida-gida irin ta lissafi, ka bi ta da baƙin alƙalami, ka sa wa kowane ɗaki lamba, sannan a yi mata sikanin a kan 300 dpi ko sama. Idan ba ka iya zane ba, ɗaliban zane suna nan a manyan makarantun garin. Ku yi magana a fili kan kuɗi da kuma cewa za ka sake buga zanen nan gaba, ku rubuta ko a saƙon WhatsApp ne, sunansa kuma ya fito a mujallar. Hoton da ka tsinta a intanet yana da mai shi.

Mataki na biyar: tsara shafuka

Girman da ya fi dacewa shi ne A5, wato takardar A4 an naɗe ta biyu. Kowace takarda ɗaya tana ba da shafi huɗu, saboda haka adadin shafukanka dole ya rabu da huɗu: 16, 20, 24, 28. Kada ka wuce 40, domin daga nan mujallar ba ta rufuwa da kyau, shafukan tsakiya kuma suna leƙowa waje.

Manhajar Scribus kyauta ce kuma don wannan aikin aka yi ta. Masu shagunan buga takardu a nan sun fi sabawa da CorelDraw, amma kada ka ba su fayil ɗin da za a iya taɓawa, ka ba su PDF. Babban dalili shi ne baƙaƙenmu masu ƙugiya. Yawancin salon rubutu na ado ba su da ɓ, ɗ, ƙ, sai kwamfuta ta cike gurbin da akwati ko da wani harafi mai siffa daban, shafi ya fito kamar an yi masa faci. Charis SIL, Gentium, Andika da Noto duk kyauta ne kuma suna da su. Ka tabbata an cusa salon rubutun a cikin PDF ɗin lokacin fitarwa, sannan ka buɗe shi a wata wayar ka duba kalma irin "ƙarƙashin" da idonka.

Girman rubutu 10 ko 11, tunda da yawa a hasken fitila mai caji za su karanta. Ka bar fili kamar milimita 12 zuwa 15 a gefuna. Ka yi ƙoƙari taswira da bayanin ɗakunanta su zauna a shafuka biyu masu kallon juna, mai jan labari ya ga komai ba tare da juyawa ba. Shafukan tsakiya, 12 da 13, su ne kaɗai takarda ɗaya shimfiɗaɗɗiya, nan ne mazaunin babbar taswira.

Saura jera shafuka don bugu. A mujalla mai shafi 24, shafi na 24 yana zama kusa da na 1, a bayansu 2 da 23, sai 22 da 3, haka har tsakiya. Hanyar dubawa mai sauƙi: kowane shafi biyu da ke jere, jimlarsu 25 ce. Adobe Acrobat Reader tana yin wannan jerin da kanta idan ka zaɓi bugun ɗan littafi, amma ka naɗe fararen takardu shida ka rubuta musu lamba da hannu, ka riƙe a aljihu lokacin da za ka shago.

Mataki na shida: bugu da ɗinki

Kwafi 30 zuwa 50 a karon farko. Maɗaba'a mai babban inji sai da ɗaruruwa take yin araha saboda kuɗin faranti, kai kuma ba ka san kasuwarka ba tukuna. Shagunan fotokwafi da ke kewayen jami'a da wajen Sabon Gari sun ishe ka. Lissafin takarda a bayyane yake: shafi 24 takarda shida ne, kwafi 50 takarda 300, rim ɗaya mai 500 ya wadatar har da na ɓaci. Ka nemi takarda mai nauyin giram 80, domin mai 70 baƙin zane yana ɓullowa ta baya. Bango kuma kati mai launi, a buga masa baƙi kawai, ya fi bugun kala araha kuma yana da kyansa.

Ka sa a fitar da kwafi ɗaya tukuna, ka naɗe, ka karanta daga bango zuwa bango a nan cikin shagon kafin ka ce a ci gaba. Kuskuren da aka fi yi shi ne bayan takarda ya fito a kife. Ka kuma tambayi farashi tun farko, na lokacin da akwai wuta da na lokacin janareta, don wasu shagunan suna bambantawa.

Ɗinki da sitefila mai dogon hannu ake yi, ƙusa biyu a kan layin naɗi. Idan babu, buɗe ta yau da kullum, ka shimfiɗa mujallar a kife a kan kwali mai kauri, ka danna, ka juyo ka lanƙwashe ƙafafun da bayan cokali. Da cokalin za ka goge layin naɗin ya kwanta. Sannan ka jera su, ka ɗora musu abu mai nauyi su kwana, washegari a kai wa mai injin yanka ya daidaita baki.

Mataki na bakwai: hukuma

Idan kwafi 30 ne tsakanin abokai, babu wani dogon zance. Idan za ta shiga kasuwa tana fitowa a kai a kai, abu biyu ne. Lambar rajistar mujallu, wato ISSN, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ce a ajiye musu kwafin abin da aka buga. Sannan Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, aikinta ya shafi rubuce-rubuce ma. Ka je ofishinsu da kwafi a hannu ka tambayi abin da ake buƙata a lokacin. Ka shirya yi musu bayanin wasan a taƙaice, don mai yiwuwa ne wanda za ka tarar bai taɓa ganin irinsa ba.

Mataki na takwas: farashi da sayarwa

Haɗa kuɗin takarda, bugu, kati, yanka, mai zane da na adaidaita sahu, ka raba da adadin kwafin da za ka sayar, ban da biyar ko shida da za su tafi kyauta. Abin da ya fito ka ninka shi biyu. Ribar ba ta shan shayi ba ce, ita ce kuɗin bugun fitowa ta biyu.

Wannan kaya ba ya sayar da kansa a kan kanta, domin mai wucewa bai san me ake yi da shi ba. Wasan ne yake sayar da mujallar. Ka shirya zama na awa biyu a makaranta, ko a taron marubuta, ko a zauren gidanku, ka ja wa baƙi kasadar, ka tsaya a daidai inda ya fi daɗi, mujallu na ajiye a gefe. Ka haɗa kowace da dayis biyu a 'yar leda. Dogon hutun makaranta da dararen azumi bayan tarawihi su ne lokutan da samari ke da sararin zama, sai ka auna fitowarka da su.

Na nesa kuwa, Kaduna ko Katsina ko Maraɗi, a ba direba saƙo a tasha kamar yadda aka saba. Kickstarter ba ya karɓar masu buɗe aiki daga Najeriya, don haka kada ka ɓata lokaci a kansa. Karɓar kuɗin oda tun kafin bugu ta WhatsApp yana yin aikin a ƙaramin mataki, da sharaɗin ka faɗi rana kuma ka cika. PDF za ka iya sa shi a shafin sayar da kaya na Selar don masu biya da naira, ko a itch.io inda masu irin wannan wasa na duniya ke taruwa. Ka sani PDF ɗin zai yi yawo a waya ko ka so ko ka ƙi, ni dai ban ɗauki wannan asara ba ga mujallar da ke neman masu wasa. Ka sa lambar wayar mujallar a bangon baya, tare da kiran duk wanda ya rubuta jadawali ko dodo ko kasada ya aiko, ka kuma rubuta ranar rufe karɓa. Fitowa sau uku ko huɗu a shekara ta isa, kuma kasadar fitowa ta biyu ka fara rubuta ta tun ta farko tana wajen mai yanka.